Yaro mai ƙiriniya da ubansa a cikin littafin hotuna

Akwai wani irin littafi wanda hoto ya fi rubutu yawa a cikinsa. Shafi guda yana iya ɗaukar babban hoto da layi ɗaya tak na rubutu. Wani shafin ma babu rubutu ko kaɗan. Da Faransanci ana ce masa albom. Da Hausa sai a ce littafin hotuna.

Ana yin sa ne domin ƙananan yara waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. Babba shi ke riƙe littafin, yana karantawa a fili. Yaro yana zaune bisa cinyarsa, kunnensa na wajen magana, idonsa na wajen hoto. Yawancin waɗannan littattafai shafi 32 gare su. A gidan ɗab'i babbar takarda ake bugawa, a ninke ta, a yanke bakinta, ta ba da shafi 8 ko 16. Saboda haka mai littafin ba shi da wurin dogon bayani. Abin da bai faɗa da rubutu ba, tilas ya faɗe shi da zane.

Daga cikin labaran da masu zane suka fi so akwai labarin yaro mai ƙiriniya. Kowa ya san irin wannan yaro, don babu gidan da ba a taɓa yin sa ba. Ya bar rarrafe, ya fara tatata, ko kuwa an yaye shi bai daɗe ba. Ya buɗe ƙwarya ya zubar da gari. Ya jefa takalmi cikin randa. Ya kama wutsiyar akuya ya ƙi saki. In aka hana shi, sai ya faɗi ƙasa ya yi ta birgima. A littattafai da dama uwa ce ke fama da shi. A wasu kuma uba ne, kuma waɗannan sun fi ban dariya, don sau da yawa uban bai san abin da zai yi ba. Wannan karatu zai duba biyu daga cikinsu, ɗaya daga Amurka, ɗaya daga Jamus.

Zomon da ya ɓace

Na farko wani Ba'amurke ne ya rubuta shi, shi ne kuma ya zana shi. Sunansa Mo Willems. Littafin ya fito a 2004, sunansa Knuffle Bunny. Sunan wani zomo ne na tsumma, abin wasan wata ƴar yarinya, kamar yadda yarinya ke riƙe ƴar tsanarta ba ta son rabuwa da ita. An fassara shi da Faransanci da sunan Guili Lapin.

Yarinyar sunanta Trixie. Tana tafiya da ƙafarta, amma ba ta iya magana ba tukuna. Suna zaune a Burukulin, wata babbar unguwa ta birnin Niyok. Wata rana ubanta ya ɗauki kwandon tufafi masu dauɗa, ya kama hannunta, suka nufi gidan wanki.

Nan sai an yi bayani. A manyan biranen Amurka mutane da yawa suna zaune a benaye, ba su da tsakar gida, balle igiyar shanya. Akwai shaguna cike da injinan wanki. Mutum ya zo da tufafinsa, ya zuba cikin inji, ya jefa kuɗi, injin ya wanke. Ƙofar injin zagayayya ce, ta gilashi, ana ganin abin da ke ciki.

Suka bi layin gidansu, suka ratsa lambun shaƙatawa, suka wuce makaranta, suka isa. Rubutun ya ce yarinyar ta taya ubanta zuba tufafi. Hoton kuwa ya nuna irin tayin da ta yi: ta watsa kaya ƙasa, ta kifa wando bisa kanta, tana ta murna. Babban da ke karantawa ya ce «ta taya», yaron da ke kallo ya ga ɓarna, sai dukansu su yi dariya. Haka littafin hotuna yake aiki. In an karanta rubutu aka bar hoto, an sami rabin labari kaɗai.

Suka gama, suka kama hanyar gida. Mai lura zai ga wani abu a wannan shafi. A bayansu, cikin gilashin injin, ga zomon nan yana leƙe. An haɗa shi da wanki. Rubutun bai ce komai ba game da wannan. Uban bai gani ba, yarinyar ma ba ta gani ba. Mai kallon hoto shi kaɗai ya sani. Sau da yawa yaro ɗan shekara 3 yana riga babba ganin zomon, don idon babba ya tafi wajen haruffa.

Sun yi ɗan nisa, sai yarinyar ta tuna. Ta ware ido. Ta juya wajen ubanta don ta gaya masa, amma abin da ya fito daga bakinta gwaranci ne. Uban ya yi murmushi, ya amsa mata kamar ya gane, alhali ya ɗauka zancen komawa gida take yi. Ta sake faɗa da ƙarfi. Ta kaɗa hannuwa, ta nuna baya. Bai gane ba. Ya ce ta daina rigima. To, me ya rage mata? Ta fashe da kuka. Ta saki jiki tamkar ba ta da ƙashi, yadda ba ta tafuwa, ba ta kuma ɗaukuwa da sauƙi. Duk wanda ya taɓa goyon ƙane ya san wannan dabara. Uban ya sungume ta a hammata, mutanen hanya suna kallonsa, fuskarsa a murtuke.

Da suka isa gida, uwar ta buɗe ƙofa. Kallo ɗaya ta yi, ta tambayi inda zomo yake. Nan take uban ya gane abin da ɗiyarsa take ta faɗa tun ɗazu. Su uku suka ruga, suka koma gidan wanki. Uban ya duba, ya sake dubawa, bai gani ba. Ya dubi yarinyar, ya ga leɓenta na rawa. Sai ya naɗe hannun riga, ya cusa kansa cikin injin, ya yi ta fiddo kaya har zomo ya fito. Yarinyar ta yi tsalle ta rungume shi, ta kira sunansa. Wannan ita ce maganarta ta fari a duniya.

Mutanen da suka gan su a hanya sun ga yarinya mai rigima da uba mai haƙuri. Mai littafin ya tsara abin yadda mai karatu zai ga wani abu dabam. Yarinyar ita ke da gaskiya tun daga farko. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta bi hanya bayan hanya, kuka shi ne na ƙarshe. Uban ba mugu ba ne, gaggawa ce ta hana shi tsayawa ya duba hannunta, ya ga babu komai ciki.

Wannan ya dace da abin da masu binciken girman yara suka gano. Yaro yana fahimtar magana tun kafin ya iya yin ta. Yawanci yana faɗin kalmarsa ta fari wajen shekara 1. Wajen shekara 2 yana fara haɗa kalma biyu, kamar «ba ni» ko «inna zo». Tsakanin shekara 1 da 3 abin da yake so ya fi abin da bakinsa ke iya faɗa yawa ƙwarai. A wannan lokaci ne birgima ta fi yawa. Ba kowace birgima ke da zomo a bayanta ba, wata yunwa ce, wata barci, wata kuma taurin kai ne zalla. Amma kafin yaya ta ɗaga hannu, yana da kyau ta duba tukuna.

Hotunan littafin ma abin lura ne. Gidaje, hanya da shago duk na gaske ne, an ɗauke su da na'urar ɗaukar hoto a unguwar da mai littafin yake zaune a lokacin, ba su da launi. Mutanen kuwa zane ne, da launi mai haske, an ɗora su bisa hotunan. Ido yana zuwa wajensu kai tsaye. A 2005 littafin ya sami lambar yabo ta Caldecott, wadda masu kula da ɗakunan karatu na Amurka ke bai wa masu zanen littattafan yara.

Uba da ɗa, babu rubutu

Na biyu ya girmi na farko da shekara 70. A Jamus aka yi shi, sunansa Vater und Sohn, wato Uba da Ɗa. Da fari a jarida ya riƙa fitowa, mako-mako, a birnin Barlin, daga Disamba 1934 zuwa Disamba 1937. Labaran sun haura 150. Daga baya aka tara su cikin littattafai, har yau kuma ana buga su a ƙasashe da yawa. Fassara su ba wuya, don in ban da sunan labari kusan babu rubutu. Yawanci labari guda hoto 6 ne a jere.

Uban ƙaƙƙarfa ne mai tumbi, da sanƙo, da baƙin gashin baki, sau da yawa da lofe a bakinsa. Ɗan kuwa ɗan ƙarami ne, gashinsa a hargitse. Ya girmi Trixie, don har yana zuwa makaranta, amma ƙiriniyarsa ta fi tata nesa ba kusa ba.

Ga labari guda. Yaro ya harba ƙwallo, ya fasa gilashin taga. Uba ya taso da fushi, yaro ya arce waje. Uba ya zauna yana jira, ransa a ɓace. Ya dubi agogo. Lokaci ya wuce, yaro bai dawo ba. Fushi ya fara komawa tsoro. Uba ya ɗauki malafarsa, ya fita, yana bin hanya yana kiran ɗansa. Bai same shi ba. Ya komo gida jiki a sanyaye. Yana isowa, sai ga ƙwallo ta fasa wani gilashin ta fito. Yaro na nan ashe! Uba ya rungume shi, ya manta da taga.

Ɓarna iri ɗaya ce a hoton farko da na kusa da ƙarshe, gilashi ne ya fashe. Ta farko ta jawo fushi, ta biyu ta jawo murna. Abin da ya sake yana cikin zuciyar uban, kuma mai zane ya nuna shi ba tare da kalma ko ɗaya ba. Ya nuna shi da agogo, da yadda uban ya sunkuyar da kai, da yadda ya buɗe baki yana kira.

A wani labarin abinci ya sauka, yaro bai zo ba. Aka aiki uba ya kira shi. Ya tarar da shi kwance rub da ciki yana karatun wani littafi. Yaro ya tashi ya zo ya zauna. Yanzu kuma kujerar uba ce babu kowa. Aka jira, aka gaji, aka aiki yaro. Ya tarar da uban kwance rub da ciki a wuri guda, ya nutse cikin littafin.

A wani kuma yaro ya kasa aikin gida da aka ba shi a makaranta. Uba ya karɓi alƙalami ya yi masa. Malam ya duba aikin, ya ga kuskure ya yi yawa. Ya kama hannun yaro har gida, ya kifa uban, ya ba shi kashi.

Nan ne daɗin waɗannan labarai yake. Uban ma yaro ne, gashin baki kawai ya fi ɗansa. Yana hana abu, sa'an nan a kama shi yana yin sa. Yaron da ke kallo yana jin daɗin ganin babba ya yi kuskure, babban da ke riƙe da littafin kuma yana gane kansa, ko da bai faɗa ba.

Akwai duka a cikin littafin, ba a ɓoye shi ba. A wani labari uba ya kifa yaro zai buge shi, sai ya ga wandon ya yage. Ya ɗauko allura da zare, ya ɗinke shi tsaf, sa'an nan ya ci gaba da abin da ya fara. A Jamus ta wancan zamani dukan yaro abu ne da aka saba, a gida da makaranta. Ƙasar ta sake tun daga lokacin. A 2000 ta kafa doka wadda ta hana iyaye dukan ƴaƴansu. Mai lura zai ga cewa ko a littafin, duk lokacin da uban ya ɗaga hannu, shi ne abin dariya.

Mutumin da ya zana su

Sunansa Erich Ohser. An haife shi a 1903, ya girma a wani gari mai suna Plauen. Da fari zanen siyasa yake yi wa jarida, yana yi wa Hitila da mutanensa ba'a. Da Hitila ya hau mulki a 1933, aka hana shi aiki. Ga shi da mata, ga ɗa ƙarami wanda aka haifa a 1931. A 1934 aka yarda ya koma zane, bisa sharaɗi biyu: kada ya taɓa siyasa, kada kuma ya sa sunansa. Sai ya ɗauki haruffan farko na sunansa, ya haɗa da sunan garinsu, ya riƙa sa hannu da e.o.plauen. Lokacin da Uba da Ɗa ya fara fitowa, ɗansa na da kimanin shekara 3.

Labarinsa ba mai sauƙi ba ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, ya yi zane a wata jaridar gwamnatin, yana zagin ƙasashen da ke yaƙi da Jamus. A ɓoye kuma bai daina sukar masu mulki ba. Wani maƙwabci ya ji maganganunsa, ya kai ƙara. Aka kama shi a Maris 1944, tare da wani abokinsa marubuci. Ya mutu a gidan kaso ranar 6 ga Afrilu 1944, kafin a kai shi gaban alƙali. Abokin nasa aka yanke masa hukuncin kisa. A garin Plauen an kafa mutum-mutumin uban nan mai sanƙo da ɗansa.

A labarin ƙarshe, na 1937, uba da ɗa sun yi ban kwana, sun kama hanya, suna tafiya har suka hau sama. A hoton ƙarshe ga wata ya fito da gashin baki, ga ɗan tauraro kusa da shi.

A can da nan

Ɗalibi zai ga abubuwa a waɗannan littattafai da ba haka suke a gidansu ba. A ƙasar Hausa yaro mai tatata ya fi zama wajen uwa, ko yaya, ko kaka. Wasa da tsokana kuwa tsakanin jika da kaka suka fi yawa. Akwai kuma kunyar ɗan fari, wadda ke sa iyaye da yawa ba su kiran sunansa, ba su kuma wasa da shi gaban mutane. Saboda haka uban da ke kwanciya ƙasa yana karatun littafin ɗansa zai iya zama abin mamaki. Kowace ƙasa da yadda take nuna ƙauna. Amma uban da ya fita da dare yana neman ɗan da ya kora da rana, ba sai an je Jamus za a gan shi ba.

Yadda ake karanta hoto

Karatun hoto ma koyonsa ake yi, kamar karatun haruffa. Ana farawa daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, kamar rubutun boko. A kowane hoto ana duba fuska: gira, ido da baki. Gira ta haɗe, fushi ne. Ido ya ware, tsoro ne ko mamaki. Sa'an nan a duba hannuwa, a ga abin da suke riƙe da shi, da abin da suka daina riƙewa. Daga nan a duba bayan mutanen, don can ne mai zane ya fi ɓoye abu.

Abu mafi wuya shi ne abin da ya faru tsakanin hoto da hoto. A wannan hoto yaro na ɗaga ƙafa, a na gaba gilashi ya watse. Ba a zana tafiyar ƙwallon ba. Mai karatu ne ke cika wurin da hankalinsa. Wanda ya yi gaggawar juya shafi, zai yi irin ta uban Trixie.

Kalmomi

Tatata: tafiyar yaro wanda ya fara koyon taka ƙasa.
Gwaranci: maganar da ba ta fita sosai, ba a gane ta.
Birgima: juye-juye a ƙasa saboda fushi ko kuka.
Lofe: abin shan taba mai ɗan ƙoƙo a bakinsa.
Gidan ɗab'i: wurin da ake buga littattafai da jaridu.

Tambayoyi

1. Wane ne ya fara sanin inda zomo yake: uba, uwa, yarinya ko mai kallon hoto? Ta yaya?
2. Waɗanne hanyoyi yarinyar ta bi kafin ta yi kuka?
3. Gilashi ya fashe sau biyu. Me ya sa uban ya yi fushi a na farko, ya yi murna a na biyu?
4. Me ya sa Erich Ohser bai sa sunansa na gaskiya bisa zanensa ba?

Aiki

Kowane ɗalibi ya raba allonsa gida 6. Ya tuna wata ɓarna da ƙanensa ko ƙanwarsa ta taɓa yi, da abin da baba ya yi da ya gani. Ya zana labarin, hoto guda a kowane gida, kada ya rubuta kalma ko ɗaya. In ya gama, ya miƙa wa na kusa da shi. Shi kuma ya ba da labarin da baki, da Hausa tukuna, sa'an nan da Faransanci. Inda labarin ya saɓa da abin da mai zane ya nufa, su biyu su nemi hoton da ya kawo ruɗani, a goge shi a sake.